Coci a Layin Kasuwa: Rigimar Dokar Tsara Gari da Wuraren Ibada a Amurka

A shekarar 2007 wata majami'ar 'yan Baptis masu magana da Sifaniyanci a garin Yuma, jihar Arizona, ta sayi tsohon kantin J.C. Penney da ke babban titin tsakiyar gari domin ta mayar da shi coci. Kuɗi sun shiga hannun mai gini, takardu sun kammala, saura izinin hukumar tsara gari. Nan aka tsaya. Hukumar ta ce a'a, kuma dalilin da ta bayar bai taɓa aƙidar kowa ba. Dokar jihar ta hana ba wa sabuwar mashaya lasisin sayar da giya idan tana cikin ƙafa 300 daga wurin ibada, gari kuwa ya ƙudurta mayar da wannan titi wurin shaƙatawar dare, da gidajen abinci da mashaya. Coci guda a tsakiyar layin zai kashe kasuwar maƙwabtansa tun ba su buɗe ba.

Majami'ar ta kai ƙara. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba ta gaskiya, saboda dokar garin ta bar ƙungiyoyin da ba na addini ba su buɗe a titin kai tsaye, masu ibada kaɗai ta ɗora wa neman izini na musamman. Sai dai hukuncin ihu ne bayan hari. Kafin ya fito, bashin ginin ya ci ƙarfin majami'ar, masu bashi sun karɓe shi.

Wanda ya saba jin cewa tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin addini zai yi mamakin yadda kwamitin ƙaramar hukuma ke iya hana jama'a yin ibada a ginin da suka saya da kuɗinsu. Ikon ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, inda kotun ta amince gari ya kasa ƙasarsa kashi-kashi: nan gidajen zama, nan kasuwanci, can masana'antu. Mai shari'a George Sutherland ya ce abin da ke damun jama'a yakan kasance abu ne mai kyau da aka ajiye inda bai dace ba, kamar alade a falo maimakon a garkensa. Daga nan kusan kowane gari ya zana taswirarsa.

A kowane kashi na taswirar akwai abin da doka ta halatta kai tsaye, akwai wanda ta hana. Tsakaninsu kuma akwai wani rukuni da ake cewa "ana iya yi, amma sai da izini na musamman", kuma a wannan rukunin ne garuruwa da yawa suka jefa wuraren ibada. Mai neman izinin zai kawo zanen gini, rahoton cunkoson motoci, lissafin wurin ajiye mota, sannan a kira zaman sauraron jama'a, maƙwabta su zo su faɗi albarkacin bakinsu, kwamiti ya kaɗa ƙuri'a. Ma'aunin da kwamitin ke amfani da shi kuwa roba ne, yana miƙewa yadda aka ja shi: "dacewa da yanayin unguwa", "jin daɗin jama'a". Ba wanda zai rubuta a takarda cewa ba ya son waɗannan mutane ko irin addu'arsu. Za a rubuta motoci, za a rubuta hayaniya da magudanar ruwa. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma fakewa ce da guzuma a harbi karsana, kuma aikin alƙali shi ne ya rarrabe biyun daga takardun da aka rubuta su iri ɗaya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Tsofaffin majami'u, masu hasumiya a tsakiyar gari, an gina su tun kafin a zana taswirar, don haka doka ta bar su a inda ta same su. Wanda ke shiga layin neman izini shi ne sabon zuwa: ƙaramar majami'ar baƙaƙen fata da ke neman hayar shago, baƙi daga Latin Amurka ko Koriya ko Afirka, Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, Musulmi, mabiya addinin Sikh. Dokar ɗaya ce a rubuce, amma ba kowa take takewa ba.

Kafin 1990 mai ƙorafi yana iya jingina da tsarin mulki kai tsaye. A wannan shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wasu mutum biyu a jihar Oregon da aka kora daga aiki saboda sun sha wani tsiro mai bugarwa a ibadar 'yan asalin ƙasar, jihar kuma ta hana su tallafin marasa aiki. Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta cewa dokar da ta shafi kowa da kowa, wadda ba a yi ta don cin zalin addini ba, tana nan daram ko da ta takura wa mai ibada. Majalisar dokoki ta mayar da martani a 1993 da dokar maido da 'yancin addini, wadda majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 97 da 3. Ba ta yi nisa ba. A garin Boerne na jihar Teksas akwai cocin Katolika na Saint Peter, ginin 1923, mai ɗaukar mutum kusan 230, wanda jama'a suka yi masa yawa. Babban bishop Patrick Flores ya nemi izinin faɗaɗa shi, gari ya hana saboda ginin yana cikin unguwar tarihi, shi kuma ya kai ƙara yana jingina da dokar ta 1993. A 1997 Kotun Ƙoli ta ce majalisa ta wuce gona da iri, ba ta da ikon ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi waccan doka.

Sai majalisa ta koma ta ɗauki darasi. Ta tara shaidu kan yadda ake wahalar da wuraren ibada, ta taƙaita sabuwar dokar ga fili da gini, da kuma fursunoni. Sanata Orrin Hatch da Sanata Edward Kennedy, waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba, su suka jagorance ta. Ta wuce majalisun biyu ba hamayya, shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu ranar 22 ga Satumba, 2000. Lauyoyi na kiranta RLUIPA, kuma kusan duk rigimar da ake yi yau a ƙarƙashinta ake yi.

Ginshiƙinta na farko ya ce hukuma ba za ta ɗora wa ibada "nauyi mai yawa" ba, sai in tana da babban dalili da ba makawa, kuma ba wata hanya mafi sauƙi ta cimma shi. Majalisa ba ta fassara "nauyi mai yawa" ba, ta bar wa kotuna su yi ta fama. A 2003 wasu ƙananan majami'un birnin Shikago sun yi ƙorafin cewa fili ya yi tsada, neman izini yana cinye kuɗi da lokaci. Kotu ta ce wannan wahalar zaman birni ce, kowa na shan ta, ba za a kira abu nauyi ba sai ya sa ibada ta zama kusan ba ta yiwuwa. Shekara biyu bayan haka kotun nan ɗaya ta sassauta. Majami'ar Girkawa ta Otodoks a garin New Berlin, jihar Wisconsin, ta nemi a sauya matsayin wani ɓangare na filinta don ta yi gini. Gari ya ce yana tsoron a sayar da filin daga baya a yi wani abu dabam. Majami'ar ta kawo sharaɗin da zai ɗaure filin ga ibada kawai, aka sake ƙi. Mai shari'a Richard Posner ya ce jinkiri da rashin tabbas da kashe kuɗi su ma nauyi ne, ba lallai sai an rufe ƙofa ruf ba.

Labarin da ya fi nuna yadda ake yawo da hankalin mai nema shi ne na 'yan Sikh a gundumar Sutter ta Kalifoniya. Sun nemi gina wurin ibada a ƙaramin fili cikin unguwa, aka ce maƙwabta na tsoron hayaniya da motoci. Suka ji shawara, suka sayi eka kusan 29 a bayan gari cikin gonaki, suka amince da duk sharuɗɗan da aka gindaya. Sai aka ce ai yanzu kun yi nisa da gari, gini a nan zai ɓata tsarin ƙasar noma. Cikin gari an ce kun matse mu, bayan gari an ce kun yi nisa. A 2006 kotu ta ce idan dalilan biyu za su tsaya, to babu inda ya rage musu a gundumar.

Ginshiƙi na biyu ya fi sauƙin karantawa, shi ne kuma ya fi raba kan alƙalai. Ya ce kada a fifita taron da ba na addini ba a kan taron addini. In an yarda da kulob da silima da zauren biki a layi, a yarda da coci. A garin Surfside na Filorida dokar ta bar kulob-kulob a yankin kasuwanci ta hana majami'un Yahudawa, waɗanda membobinsu ba sa hawa mota ranar Asabar. Kotu a 2004 ta ƙi yarda cewa ƙarin tafiyar ƙafa kaɗan nauyi ne mai yawa, amma ta ba su nasara ta ɗaya ƙofar: kulob taro ne, majami'a taro ce, ba a raba su.

Wasu kotunan suka ce a'a, ba kowane taro ne ɗaya da kowane taro ba, sai an duba abin da gari ke son cimmawa. A Long Branch ta jihar New Jersey matsalar irin ta Yuma ce, sai dai tazarar giya a can ƙafa 200 ce, kuma a 2007 kotu ta goyi bayan gari kan shirinsa na farfaɗo da tsakiyar gari. Hujja iri ɗaya, hukunci biyu mabambanta. Abin dariyar shi ne dokar tazarar an yi ta ne tun asali don girmama wurin ibada, a nisanta shi da mashaya. Yau ita ce sandar da ake korar sa da ita daga layi.

Shari'ar da na fi ganin ta tona asirin lamarin ita ce ta Hazel Crest, wani ƙaramin gari a gefen Shikago. Majami'a ce mai membobi 67 ta sayi gini kusa da tashar jirgin ƙasa, a yankin da gari ya ware don kasuwanci. A lokacin dokar ta yarda da wasu wuraren taruwa da ba na kasuwanci ba a yankin, coci ne babu. Da majami'ar ta kai ƙara, gari bai buɗe mata ƙofa ba. Gyara dokar ya yi, ya kori sauran su ma: zauren al'umma, makaranta, ɗakin karatu. Yanzu kowa ya zama daidai a waje. A 2010 cikakken zaman kotun ɗaukaka ƙara ya amince da haka. Posner, wanda ya tausaya wa Girkawan New Berlin, shi ya rubuta cewa gari na da damar keɓe yanki ga masu kawo haraji da ciniki, coci kuwa ba ya kawo ko ɗaya. Mai shari'a Diane Sykes ta saɓa masa, kuma ni a ganina ita ta fi kusa da gaskiya. Wurin ibada ba ya biyan harajin kadara a duk jihohin ƙasar, jihohin ne da kansu suka yafe masa. Idan "ba ka kawo haraji" ya zama dalilin da kotu ke karɓa, to kowane gari ya samu mabuɗin da zai rufe kowane yankin kasuwanci da shi, yana kuma rantsuwa bai nuna bambanci ba. An yafe maka haraji da hannun dama, an kore ka da hannun hagu saboda yafewar.

Batun kuɗin nan ba ƙarami ba ne, bai kamata a raina shi ba. Ƙananan hukumomin Amurka da harajin kadara da na ciniki suke biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da shi ake riƙe makarantu. Duk ginin da ya koma hannun majami'a ya fita daga kundin haraji, ga shi kuma yakan wuni a kulle yawancin ranakun mako, ba mai wucewa ya shiga shagon maƙwabci. Magajin garin da ke kallon kasafin kuɗinsa ba dole sai ya tsani addini ba kafin ya fi son kanti. Birnin Cypress na Kalifoniya ya fito da abin fili a 2002. Majami'ar Cottonwood ta tara eka 18 don yin gini, birni ya hana izini, sannan ya fara shirin ƙwace filin da ikon gwamnati na karɓar ƙasa don amfanin jama'a, domin ya miƙa wa Costco, kamfanin manyan kantuna. Alƙalin tarayya ya dakatar da ƙwacen, daga baya aka sasanta da musayar fili, Costco ya samu wurin, majami'ar ta koma wani kusa.

Maƙwabta su ma suna da tasu maganar, kuma masu kare majami'u sukan yi saurin wuce ta. Cocin da aka sani a da ɗaki ne da ke cika safiyar Lahadi ya watse da rana. Katafaren coci na zamani yana tara mutum 2,000 ko fiye a mako, da makaranta, da filin wasa, da fitilu masu haske har dare, kwana bakwai. Wanda ya sayi gida a unguwa mai shiru, yana dogaro da taswirar da gari ya nuna masa, yana da hakkin tambayar me ya sa taswirar ta ɗaure shi ta saki maƙwabcinsa. A gundumar Boulder ta Kolorado, inda aka daɗe ana tattalin filin karkara, wata babbar majami'a ta nemi kusan ninka gininta, gunduma ta hana mafi yawan abin da aka nema, majami'ar ta yi nasara a kotu, aka tabbatar da nasarar a 2010. Farfesa Marci Hamilton, lauyar da ta kare garin Boerne a Kotun Ƙoli, ta daɗe tana sukar dokar RLUIPA ta shekarar 2000 da cewa ta ba masu addini gata a kan sauran masu gidaje. Tun a shari'ar Boerne mai shari'a John Paul Stevens ya ce da ginin gidan tarihi ne mallakar wanda bai yarda da Allah ba, da ba shi da ƙofar da zai bi. Sannan dokar ta ba kotu damar ɗora wa garin da ya faɗi kuɗin lauyoyin majami'a, abin da ke sa ƙaramin gari ya sallama ko da yana ganin yana da hujja. Wannan suka tana da nauyi. Amma ta fi dacewa da manyan majami'u masu lauyoyi, alhali yawancin masu ƙorafi irin na Yuma da Hazel Crest ne, waɗanda shekara biyu ta jira ke isa ta karya su.

Da majami'u a zuciya aka rubuta dokar, amma kalmominta ba su ambaci coci kaɗai ba, kuma bayan 2010 masallatai sun zama daga cikin masu yawan fakewa da ita. Ma'aikatar shari'a ta tarayya, wadda dokar ta ba ikon shigar da ƙara da kanta, ta bayyana a 2016 cewa kashi 38 cikin 100 na binciken da ta buɗe kan fili da gini tun 2010 ya shafi masallatai da makarantun Musulmi, alhali Musulmi kusan kashi 1 ne na jama'ar ƙasar. A Bernards ta New Jersey ƙungiyar Musulmin Basking Ridge ta sha zaman sauraro 39 kafin a hana ta izinin gina masallaci a ƙarshen 2015. Ma'aunin garin na wuraren ibada mota ɗaya ce ga kujera uku, wanda zai ba da wuri 50, amma aka ce masallaci sai 107, wai ma'aunin na coci ne. Alƙalin tarayya ya ce wannan bambanci ne ƙarara, a 2017 gari ya biya dala miliyan 3.25. Cikin waɗanda suka rubuta wa kotu goyon bayan masallacin har da hukumomin 'yan Baptis na kudancin ƙasar, abin da ya jawo musu surutu a cikin gida. Su dai lissafinsu a fili yake: gemun ɗan'uwa ya kama wuta, kuma ma'aunin da aka lanƙwasa yau a kan masallaci gobe ana iya lanƙwasa shi a kan coci.

Kotun Ƙoli ta fassara ɓangaren dokar da ya shafi fursunoni fiye da sau ɗaya, a 2005 da 2015, amma ɓangaren fili da gini ta bar shi hannun kotunan ƙasa. A 2019 ta ƙi sauraron ƙarar wata makarantar Kirista daga Upper Arlington ta Ohio, wadda ta roƙe ta ta daidaita saɓanin. Don haka ma'anar "daidai" a Filorida dabam, a New Jersey dabam, a Shikago dabam, duk a ƙarƙashin jimla guda ta dokar tarayya.

A 'yan shekarun nan rigimar ta matsa daga ina za a taru zuwa me za a yi bayan an taru. Majami'ar Saint Timothy ta garin Brookings, a gaɓar tekun Oregon, ta daɗe tana ciyar da marasa galihu, kuma lokacin annobar korona ta ƙara kwanakin. Maƙwabta suka kai koke kan masu kwana a titi da ke taruwa a unguwar. A 2021 gari ya kafa doka cewa rabon abinci kyauta a unguwar zama sai da izini, kuma kwana biyu kawai a mako. A wurin gari wannan hidimar jin ƙai ce, ana iya tsara ta kamar kowane gidan abinci. A wurin majami'ar kuwa ciyar da mai yunwa ibada ce kamar addu'a, ba ta kuma san ranar da yunwa ke hutu ba, don haka ta ƙi neman izinin, ta tafi kotu. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigar da takardar goyon bayanta. A watan Maris na 2024 alƙalin tarayya ya yanke cewa dokar garin ta saɓa wa dokar RLUIPA, domin gari bai nuna yadda rage kwanakin abinci zai magance abin da maƙwabtan ke kuka da shi ba.